Kafin Bizarki Ta Mutu

Alexandria, Virginia
Laraba, cikin watan Nuwamba, 1987

Zuwa ga 'yata Rahila, mai sunan uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, ina roƙon Allah ya kiyaye ki, ke da maigidanki Ishaya, a sama da ƙasa. Ya sauke ku lafiya, ya sa ku tarar da mutanen gida cikin alheri. Amin.

Yau Laraba. Gari ya waye da yayyafi, ganyen da ya rage a itatuwan bayan benenmu duk ya zube. Jiki da sauƙi, amma ba irin sauƙin da na gaya miki a waya ba. Tun ranar Litinin ƙafafuna suka kumbura. Takalmi ya ƙi shiga. In na danna ƙwaurina da yatsa sai wurin ya lotsa ya tsaya, kamar an danna tuwo mai ɗumi. In zan kwanta sai na tara filo a bayana kafin numfashi ya daidaita. Ke nas ce, kin san sunan abin, ba sai na faɗa ba.

Na iya rubuta miki gaskiya ne domin liƙe takardar nan zan yi. In kin zo sallama da la'asar zan miƙa miki, in sa ki yi mini alkawari ba za ki buɗe ba sai kin kwana a Jos. Na riga na shirya miki. Na sa babbar rigata mai ruwan ƙasa wadda take sauka har idon sawu, na sa safar sanyi. Zan zauna a kujerar taga in rufa bargo a gwiwa, in ce hitar ɗumama ɗaki ce ba ta aiki sosai. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ni yau zan gwada. Na san idonki, Uwata. Tun daga bakin ƙofa kike auna mutum, kafin ki ce sannu kin riga kin ga launin leɓensa. In kika ga ƙafafun nan, gobe jirgi zai tashi babu ke.

Sau biyu kina fasa tafiyar nan saboda ni: da na faɗi a banɗaki, da kuma bara da ciwon haƙarƙari ya kwantar da ni. Yanzu an sayar da gidanku na Manassas, kin ajiye aiki, kayanku suna cikin kwantena, bizar da aka buga miki kuma ƙarshen watan nan za ta mutu in ba ki shiga da ita ba. Ishaya ya yi haƙuri har haƙurin ya fara nunawa a fuskarsa. Ga kuma ciwon bayanki. Shekara ashirin da ɗoriya kina ɗaga majinyata kina juya su. Na ga yadda kike dafa bango in za ki miƙe, kina tsammani ban lura ba. Kin cika hamsin. In kika ce sai kin binne ni za ki huta, to ni mutum ne mai taurin rai, kina iya riga na.

Saboda haka kada ki karanta wannan da kuka. Ranar da kika ajiye tikiti biyu a teburina kika ce, "Baba, wannan karon da gaske ne," ji na yi kamar an sauke mini damin itace daga ka. Na daɗe ban yi barci irin na ranar ba.

Ba ni da gona ko shanun da zan bar miki. Kurakurai gare ni, na kuwa biya farashinsu tuntuni, sai ki ɗauka kyauta. Hanyar da za ki bi na riga ki bin ta. Na zo ƙasar nan ina koya wa samarinsu Hausa kafin su tafi aiki ƙasarmu, daga baya na sami aikin fassara a wani ofis cikin Washington. Ina da shekara hamsin da takwas na ce na gaji, na ɗauki fansho kafin lokaci, na kwashi uwarki muka koma ƙauyenmu kusa da Zariya. Kin san labarin ta waje. Yau zan ba ki na ciki.

Zan fara da uwarki, domin da ita na fara ɓatawa. Ranar da na miƙa takardar ajiye aiki ban gaya mata ba sai da muka zauna cin tuwo. Na ce, "Saratu, na ajiye aiki. Gida za mu koma."

Ta mayar da lomar da ke hannunta cikin kwano. Ta ce, "Yaushe?"

Na ce, "Bayan Ista."

Ta ce, "To, Malam. Miyar ta ji gishiri?"

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ni kuwa na ɗauka yarda ce. A lokacin tana ɗinki a wani shagon tela, tana da kekenta, tana karɓar albashinta da hannunta, abin da ba ta taɓa samu ba tun da aka haife ta. Ɗanki Dauda kuma yana rarrafe, kullum a bayanta yake barci. Duk ban sa wannan a lissafi ba. Sai bayan shekara biyu, muna zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, "Ka tambayi mai sayen mota, ka tambayi mai tikiti, ka tambayi fasto. Mu kaɗai ne ba ka tambaya ba, ni da kujeru."

Ishaya ba irina ba ne, ya tambaye ki, na sani. Amma Jos garinsa ne, ba naki ba. Can yana da 'yan'uwa da abokan makaranta, ke kuwa baƙuwa ce a gidan surukai bayan kin yi furfura. Kuma kin gaji "to" ɗin uwarki, na sha jin ta a bakinki. In abu bai yi miki ba, ki faɗa ranar da bai yi ba, kada ki adana shi shekara biyu. In ba ki son zama cikin babban gidansu, ki faɗa tun kafin a sauke akwati. Ku kama haya ku ga damina ku ga rani, kafin ku aza tubali ko ɗaya.

Sai bikin sallama. Mutanenmu na Kaduna da Filato suka taru a ɗakin ƙasa na majami'ar da muke aro, aka yi waƙa, aka ci shinkafa, aka ba ni fili in yi magana. Daɗin taro ya ɗebe ni. Ina da wani dogon baƙin kwat na ulu da na saya a sanyina na fari a ƙasar nan. Na tuɓe shi a gaban jama'a, na kira wani ɗalibi mai suna Bitrus, na yafa masa, na ce, "Ni da ƙanƙara sai dai a labari!" Aka yi tafi, mata suka rangaɗa guɗa. Tun shekarar farko a gida na gane na yi gaggawa. Sau da yawa na ɗauki alƙalami in rubuta miki cewa muna so mu dawo, sai in tuna guɗar nan in ajiye. Kwat ɗaya ya hana ni faɗar gaskiya.

Da na dawo ni kaɗai, cikin Disamba, sanye da kwat ɗin mijinki mai dogon hannu, Lahadin farko wa zan gani a ƙofar majami'a? Bitrus, ya yi tumbi, 'ya'ya biyu a gefensa, kwat ɗina a jikinsa, maɓalli ɗaya ya ƙi shiga. Ya durƙusa ya ce, "Baba, sannu da dawowa. In cire?"

Na ce, "Bar shi, ɗana, ya saba da kai."

Ranar Lahadi da aka yi naku bikin na zauna ina sauraro da aka miƙa miki magana. Kika ce, "Za mu je mu gwada, ku sa mu a addu'a," kika zauna. Na gode wa Allah. Ki riƙe wannan kalma ta gwadawa. Ki bar akwati guda na kayan sanyi a wurin Dauda. Wanda ya ce gwadawa zai yi, ko ya zauna ko ya dawo, babu mai yi masa dariya.

Yanzu ga babban kuskuren. Ki yi haƙuri.

Katin zama na ƙasar nan, wanda muke ce wa girin kad, ni da uwarki kowa yana da nasa. Mu da muka yi makarantar mishan, an koya mana cewa takarda ba ta mutuwa. Satifiket ɗin da na samu tun ina saurayi, har yau in na nuna shi, shi ne. Sai na ɗauki katin nan kamar satifiket. Na naɗe namu biyu a ƙyalle, na sa a gwangwanin biskit tare da takardar baftisma da ta aure, na tura ƙarƙashin gado. Ban tambayi kowa ba. Ni malami ne, ni ake tambaya.

A shekara ta uku uwarki ta fara ramewa. Likitan Zariya ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya ce aikin da take bukata ba su da kayansa. Kika bugo telegiram kika ce mu taho, kin shirya komai a asibitin da kike aiki. Na jawo gwangwani na kaɗe masa ƙura, muka shiga mota zuwa Kaduna, ƙaramin ofishin jakadancin Amerika, a tunanina don in sanar da su kawai muna tafe. Wata baiwar Allah ta karɓi katin, ta juya shi, ta tambaye ni yaushe rabonmu da Amerika. Na faɗa mata har da 'yar alfahari. Sannan ta yi mini bayani a hankali, irin yadda nake yi wa ɗalibi mai jinkirin ganewa. Ta ce katin na mazauni ne. Wanda ya kwashe kayansa ya wuce shekara a waje, bai nemi izini ba kafin ya fita, doka tana ɗauka ya bar zaman. Sai an sake nema daga farko.

Ba laifinta ba ne, ba laifin kowa ba ne sai nawa. A mota uwarki ta ce, "Malam, me ta ce?"

Na ce, "Saura 'yar takarda ɗaya."

Ta dubi taga ta ce, "To."

Kika shiga fafutuka daga nan, ina yi daga can, takarda ta je takarda ta dawo. Amsar ta iso ciyawa ta riga ta tsiro a kan kabarinta. Ban ce da ta zo da ta rayu ba, wannan sanin Allah ne. Amma da ta cika hannunta yana cikin naki.

Ishaya bai saki fasfonsa na Nijeriya ba, da kati yake zaune, irin nawa. Na ji kun nemo masa takardar izinin sake shigowa, madalla. Ita ma tana da wa'adi. Ku rubuta ranar mutuwarta da manyan baƙaƙe ku liƙa a bangon ɗakin kwana, inda zai gan ta kowace safiya. Kada ya bari ta matso. Kuma kada ku dogara da maganata, sanina tsoho ne, doka kuwa canzawa take yi. Ku rubuta wa lauyan da ya yi muku ita ku sake tambaya, ko da zai ce kun dame shi.

Naki kuwa juye yake. Tun ranar da kika ɗaga hannu kika yi rantsuwar zama 'yar ƙasar nan, dokar gida ta cire sunanki. Ina tuna ranar da muka je neman bizar, maƙwabcina Alhaji Mumuni, mutumin Kumasi, ya kai mu a tasinsa. Kika fito daga ofishin jakadancinmu kina huci, kika rufe ƙofar mota kamar za ki ɓalle ta. Kika ce, "Baba, cibiyata tana binne a bayan ɗakin Kaka, amma wai sai Ishaya ya rubuta takarda ya gayyace ni!"

Alhaji ya dube ki ta madubi ya ce, "Madam, ki rufa mini asiri kada Hajiya ta ji. Shekara talatin muna tare, ban taɓa gayyatarta ko'ina a rubuce ba."

Kika ce, "Alhaji, ba wasa nake yi ba."

Ya ce, "Ni ma haka. In ta ji akwai mazan da ke rubuta wa matansu takarda har da sa hannu da tambari, na shiga uku."

Kika yi dariya ba don kin so ba. To, fushin nan ki bar shi a filin jirgin sama. A can baƙuwa ce ke a kan takarda, ko da Hausarki ta fi ta mai tambayar ki daɗi. Cikin makon farko, kafin baƙi su cika gida ki shagala, ki ɗauki Ishaya ku je ofishin shige da fice, a juya bizar nan ta koma takardar zama a matsayin matar ɗan ƙasa. Za a sami wani ɗan'uwa da zai ce ki ba shi fasfo, ya san wani da ya san wani. Ki gode masa, ki ba shi goro, ki riƙe fasfonki. Zuwa da kai ya fi aike. Ki zauna a benci ki jira layi, ki karɓi rasit, ki duba ranar da aka rubuta tun kina gaban teburin.

Sai haraji. A garinmu da nake yaro, haraji na wanda ya kwana ne. Mai unguwa yana bi gida gida, wanda ya tarar shi zai biya. Wanda ya tashi ya koma wata ƙasa sai a soke sunansa, ya je can ya biya. Da wannan kan na tafi. Na ce na bar musu ƙasarsu, me kuma ya rage? Ashe fanshona daga nan yake fita, sunana kuma yana nan a wurinsu. Wasiƙu suka yi ta zuwa tsohon gidan hayarmu, babu mai buɗewa. Da kika sake yi mini takarda na dawo, na tarar da abin yana jira na, ya yi 'ya'ya har da jikoki. Ke kika zauna da mutanen nan, ke kika ƙara aiki a kan aiki wata da watanni har aka share. Ba ki taɓa goranta mini ba. Amma na san ciwon bayan nan, wani sashensa sunana ne a kai.

Naki ya ma fi nawa ɗauri. Ɗan ƙasar nan ko a bayan dutsen Filato ya ɓuya, kowace shekara kafin tsakiyar Afrilu sai ya cika takardar haraji, ko da babu abin da zai biya. Ki riƙe matar nan ta Manassas da ke yi muku lissafi, kada ki ce kin yi nisa. Adireshin da za ki bar musu ya zama na Dauda, domin wasiƙar Jos tana iya yin wata a hanya, wata kuma ba ta isa. Ki sanar da jihar Virginia kin tashi, kada su ci gaba da lissafa ki. A can ma ki tambaya ko suna da rabo a fanshonki, gara ki ji daga bakin mai aikin da ki ji a kasuwa. Fanshon ki bar shi a bankin nan ki riƙa ɗiba kaɗan kaɗan. Kowa yana gaya miki naira ta faɗi, dalarki za ta mai da ke sarauniya. Haka ne yau. Ni ma da na tafi an gaya mini abin da ya yi daɗin ji. Ki kuma tuna, inshorar asibitin tsofaffi ta ƙasar nan ba ta ƙetare teku, ke ma ba ki kai shekarunta ba tukuna. Ki ware abin jinya gefe, kada ki faɗa wa kowa yawansa, har da fasto.

Akwai ɗaya da ba na takarda ba, kuma shi ya fi cin raina a kullum. Na san abin da na gudo daga gare shi: sanyi, bas ɗin asuba, ƙaramin yaro yana gyara mini fassara. Amma ban taɓa zama na tambayi kaina me zan yi da safiyar Litinin ba. Makon farko baƙi, na biyu baƙi, na uku kowa ya koma gonarsa. Ni kuwa da asuba in yi wanka, in sa farar riga in ɗaura taye, in fito da kujera ƙofar gida da tsohuwar jarida. Taubashina Ɗanladi, ɗan gwaggona, ya zo wucewa da fartanya a kafaɗa ya ce, "Bature, an buɗe ofis? Ƙara na kawo, akuya ta ci mini dawa."

In ce, "Ofishin nan ba ya sauraron marasa takalmi."

Ya ce, "To in an tashi aiki, ga gona can tana neman akawu. Sai dai ka tuɓe igiyar wuyan nan, kada jaki ya ɗauka ɗan'uwansa ne."

Mu yi dariya, ya wuce, ni in rage a kujera har rana ta kore ni. Hannuna ya yi laushi ga fartanya, majami'a tana da dattawanta, abokaina rabi sun mutu, rabi kuma in na buɗe baki sai su ce, "To, mu dai ba mu je ba." Sai can daga baya na fara tara manya da yamma ina koya musu karatu, a nan na ɗan farfaɗo. Da tun farko na fara, da uwarki ta sami sauƙin zama da ni.

Ki huta, ki bar bayan nan ya warke, wata uku ko huɗu. Daga nan ki nemi abin da zai sa wani ya jira ki da safe. Ko auna jarirai ne a ƙaramin asibitin mishan kwana biyu a mako. Amma ki tambaya tukuna ko takardar zamanki ta yarda ki yi aiki, ko da na kyauta ne. Ishaya yana ta maganar kaji, ki bar shi ya yi, ko za su mutu. Namiji da kaji ya fi namiji da taga.

Saura ni. Ba zan ce miki ba zan yi kewa ba, kin san ƙarya ce. Ɗakin nan shiru gare shi. In lif ɗin hawa bene ya tsaya a hawanmu nakan kasa kunne ko takunki ne, kuma zan ci gaba da kasawa har kunnen ya koyi darasi. Amma kewar wanda ya tafi inda yake so mai sauƙi ce. Abin da ya hana ni barci shekarun nan shi ne ganin na zame miki turke. Dauda yana zuwa ranar Asabar, ina yi masa Hausa yana mayar mini da Turanci, muna fahimtar juna yadda ya kamata. Alhaji yana ƙwanƙwasa ƙofata kafin ya fita aiki, Hajiyarsa kuma ta ɗauki ciyar da ni kamar umarni aka ba ta.

In Dauda ya bugo ya ce an kwantar da ni, kada ki tashi, kada ki taɓa akwati. Asibiti gidana ne na biyu, ina shiga ina fita. In kuma ya ce na tafi, kada a bi mutanenmu da kwano ana tara kuɗin sa gawa a jirgi. Na ƙetare tekun nan sau uku da raina, ya ishe ni. A sa ni a nan. Ƙasa duka ta Ubangiji ce, ranar tashi kuma ba za a tambayi kowa biza ba. Ke dai in kin natsu ki je Zariya ki share kabarin uwarki, ki dasa masa wani abu mai inuwa.

Ki gaishe mini da surukanki, da Ɗanladi in yana da rai. Ki ce masa ofis yana nan a buɗe. Ubangiji ya sa miki albarka, Uwata. Ya tsare fitarku da shigarku, ya ba bayanki lafiya, ya sa ƙasar ta karɓe ku, ya ba ku safiya masu yawa da za ku tashi babu mai kiran ku da ƙararrawa. Na yafe miki duk abin da kike tsammani kin yi mini. Ni ban san ko ɗaya ba.

Ni ne mahaifinki,
Yohanna

Ƙari. La'asar ta wuce, magariba ta yi, ba ki zo ba. Na zauna a kujerar nan cikin babbar riga da bargo har gumi ya jiƙa ni. Sai ɗazu waya ta yi ƙara, kina Baltimore, an riƙe ku a kan takardun kwantena, ga ruwan sama, ga hanya ta cushe. Kika ce, "Baba, ko ƙarfe nawa ne zan zo." Na ce a'a, ki je ki kwanta, jirgin New York na sassafe ne, ai mun yi sallama ranar Lahadi a gaban jama'a. Kika ce, "Muryarka fa?" Na ce tuwo ne a bakina. Ina jin ki kina ƙirga numfashina yadda nas take yi, na riƙe shi iyakar iyawata. Sannan kika ce, "To."

Na so in ga fuskarki, ba zan ɓoye ba. Amma da na ajiye wayar sai na ji bakina yana cewa alhamdu lillahi da kansa. Na cire safar, na ɗora ƙafafun a kan kujerar da na jawo miki. Tuwon da Hajiya ta tuƙa dominki, ni da Alhaji muka cinye, shi ya fi ni ci. Shi zai kai takardar nan gidan waya. Kin ce za ki bugo gobe daga New York kafin ku shiga jirgin Legas. Zan jira, zan amsa da murya mai kyau. Alhaji ya ce ba zai fita aiki ba, zai ajiye tasi a ƙofar bene. Kina ajiye waya zai kai ni asibiti.